Murfin Gaban Shagon Siminti

Tayar gaba Sajan, 'yar sandan yankin, ta fara gani, kafin ma ta ga gawar. Ta nutse cikin murfin kwalbati har kusan rabi ta lanƙwashe, keken ya tsaya cak da bayansa a sama kamar an dasa shi. Mai keken yana can gaba, kansa a gefen dakalin titi, an lulluɓe shi da tampol ɗin shagon siminti. Tela ne, in ji mutanen da suka taru. Kayan makaranta ya ɗinka zai kai wa masu su. Ga su nan warwatse a kan kwalta, ƙananan riguna da wanduna, har da karin guga a jikinsu.

Ta jingine nata keken a jikin sandar wuta ta tsuguna. Murfin na ƙarfe ne, kusurwa huɗu daidai wa daida, ƙarafansa a jere kamar haƙoran matsefi, da rata a tsakaninsu don ruwa ya wuce. Idan ƙarafan suna gicciye da hanya, taya ta bi ta kai ta wuce, sai ɗan girgiza da za ka ji a sirdi. Idan suna miƙe da hanya, ratar haɗiye tayar take yi. Duk mai hawa keke a garin ya san haka, domin bara, bayan hukuma ta ware wa kekuna hanyarsu a gefen titi, ƙungiyar masu keke ta bi layin kaf ta juya murafan. Shekaranjiya da rana Sajan ta bi ta kan wannan murfin, a gicciye yake. Yau ga shi a miƙe.

"Mun faɗa!" wani ya ɗaga murya a bayanta. "Mun yi magana, mun yi zarya, mun yi roƙo!"

Kyaftin ne, shugaban ƙungiyar. Malami ne a kwalejin fasaha, amma ba mai kiransa da komai sai Kyaftin. Shi ya yi shekaru yana bin ofis-ofis har aka yi hanyar. Sajan kanta, duk safiyar da ta isa wurin aiki da ƙafafunta lafiya, takan ji akwai hannunsa a ciki. A gabansa ma'aikatan hukumar ayyuka ne, waɗanda dama yau aka tsayar za su zo duba hanyar. Sun zo duba titi sun tarar da gawa, sun yi tsuru-tsuru.

"Masu yashe kwalbati suna ɗaga murafan nan su mayar yadda suka ga dama," in ji Kyaftin. "Mun ce a sauya su da masu raga, waɗanda ko ta ina aka ajiye ba su cin taya. Kuka ce ba ku ga hujja ba. To ga hujja nan a ƙarƙashin tampol!"

Jama'a suka ɗauki hayaniya. Sajan ta sunkuya. Ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa, don ta ga har an fara taka su.

Kafin rana ta take an kamo tsohon da ke yashe kwalbatocin layin.

"An gama," in ji Sufeto, yana rufe fayil. "Mai siminti ya ga ma'aikaci cikin riga mai sheƙi yana taɓa murfin jiya da rana. Kyaftin ya ba da bayani. Sakaci ne da ya ci rai. Gobe da safe kotu."

"Yallaɓai, wa ya ga fuskarsa?"

"Fuska? Wa ke shiga kwata in ba shi ba? Ke?"

"Ka ba ni zuwa yamma."

"Ku masu keke dai akwai son juna," ya ce. "Tun safe ake kirana daga sama, Sajan. So suke su ji an kama wani."

"An kama wani, ko an kama wanda ya yi?"

Sufeto ya ɗago ya zuba mata ido har sai da ta ji ta wuce gona da iri, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Zuwa faɗuwar rana," ya ce. "In kika dawo hannu Rabbana, ke za ki raka shi kotun da kanki."

Tsohon yana zaune a ƙasa bayan kantar ofis, ba takalmi, wandonsa da busasshen taɓo har gwiwa. An ba shi ruwa a kofi bai sha ba.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, 'yata. Da gaske ya mutu?"

"Ya mutu."

Ya girgiza kai.

"An ce kai ka juya murfin," in ji Sajan.

"Ni ban iya hawa keke ba, 'yata, amma ina da ido. Da suka juya murafan bara sun ɗiga fenti rawaya a jikin murfi, suka ɗiga a bakin ramin. Suka ce mana rawaya a kan rawaya. Ko jikata da ba ta fara makaranta ba za ta iya wannan."

"Yaushe rabonka da layin?"

"Tun makon jiya. Jiya wuni muka yi a kwatar bayan kasuwa, ni da abokan aikina. Na faɗa wa babbanku, ya ce ai dole su rufa mini asiri."

"Da me kake ɗaga murfi?"

"Da dogon ƙarfena mai faɗin baki. In cusa ta gefe, in danna, ya tashi. Yana can sun karɓe."

"An ga mutum da riga mai sheƙi."

A nan Baba ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Riga mai sheƙi! Tun ina da baƙin gashi ake mana alkawarinta. Ko safar hannu ba su ba mu ba." Ya dubi tafin hannunsa, sannan ya rage murya. "'Yata, ba ni da wanda zai tsaya mini a kotu. Kuma wanda ya shiga gidan yari da irin shekaruna, ba da ƙafarsa yake fitowa ba."

Sajan ta tura masa kofin gabansa. "Sha ruwa, Baba. Ina zuwa."

Da ta koma wurin an ɗauke gawar da keken, an jera duwatsu kewaye da murfin. Ta haska ramin da fitilar wayarta. Cike yake da leda da yashi da robobin ruwa, har sun kusa taɓo ƙarafan. Wanda ya ɗaga murfin nan bai zo yashewa ba. Ta bi gefunan da yatsa, duk huɗun. Tsofaffin tabon ƙarfe suna nan, sun yi tsatsa, amma babu sabo ko ɗaya. Sai a tsakiya ta ga abin da take nema: ƙarfe biyu an kankare musu tsatsa ta ƙasa, wurin yana ƙyalli, tazarar da ke tsakaninsu kamar faɗin kafaɗar mutum. Ba ta gefe aka ɓanɓaro shi ba. Saƙalo shi aka yi daga sama da ƙugiya biyu.

Ta miƙe ta shiga shagon siminti. Mai shagon, ƙato mai farin gira saboda ƙura, yana zaune a kan buhuna yana fifita da kwali.

"Ni na riga na ba da bayani," ya ce tun kafin ta yi sallama.

"Za ka ƙara. Kai ne ka tsaya a taro ka ce sai ka ga bayan hanyar nan?"

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa! Sun zo sun shafa fenti a ƙofar shagona sun ce motata ba za ta tsaya ba. A kaina zan riƙa ɗauko siminti daga kamfani? Ko a bayan keke?"

"Sandunan roba da aka kafa a gefen hanyar, wa ya tuge su?"

Ya daina fifita. "Iska."

"Iskar ta ajiye su a bayan buhunanka. Ga ɗaya can yana leƙowa."

Ya waiga, ya yi tsaki. "To, ni na tuge. Rubuta. Amma kisa? Haba, Sajan. Telan nan shi ke ɗinka wa 'ya'yana kaya. Ni da aka ce murfi ne ya kashe shi, cewa na yi an sace murfin ne ya faɗa rami. Sai da aka nuna mini wai juya shi aka yi. Har yanzu ban gane yadda juya ƙarfe ke kashe mutum ba."

"Motarka ina take? Kullum a kan murfin nan nake ganinta."

"A kansa take kwana," ya ce, ba ko kunya. "Ta iso da la'asar, ta kwana, sai hantsi a gama sauke kaya ta tafi. Jiya ma a nan ta kwana. Da asuba na ce wa direba ya janye ta."

"Don me?"

"Don na ji manya za su zo duba hanya, mana. In bar ta su ci ni tara?" Fuskarsa ta sauya. "Da na bar ta, da ya kewaye kamar kullum."

Sajan ta bar shi ya haɗiye wannan, sannan ta ce, "Mutumin da ka gani jiya. Kafin motar ta iso?"

"Kafin. Rana tsaka."

"Tsoho ko yaro?"

"Wa ya sani? Ya ba ni baya. In ka ga mutum da rigar nan yana sunkuye a kan kwata, kallonsa za ka tsaya yi?"

"Rigar da datti?"

"Fes. Har na ce a raina yau an yi wa masu kwata sabon ɗinki." Ya soma murmushi. "Abin da ya ba ni dariya ma, ƙafar wandonsa ɗaya a cushe cikin safa, ɗaya a sake. Na ce wannan ko ya tashi daga barci ne a gigice."

"Wace ƙafa?"

Ya dubi ƙafafunsa yana tunani. "Ta dama."

Idonsa ya sauka a kan ƙafar Sajan. Wandonta na dama a cushe yake cikin safa, kamar yadda take yi kullum don kada sarƙar keke ta kama shi. Mai siminti ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Ta fito daga shagon. Ba mai yashe ba ne, ba kuma maƙiyin hanyar ba. Nasu ne. Mutum ne da ya san abin da murfi a miƙe ke yi wa taya, ya zo a kan keke, ya sauka, ya juya shi, ya hau ya tafi. 'Yan ƙungiya suna da yawa, kowannensu da riga mai sheƙi ta yawon ƙarshen mako. Amma ƙugiyoyin da aka ƙera bara don juya murafai ba su da yawa, kuma wanda zai san inda suke shi ne shugaba. Ta hau keke ta nufi gidan Kyaftin, tana gaya wa kanta tambaya kawai za ta yi.

Matarsa ta tarar a tsakar gida tana ba taya iska. Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a asibiti, sun san juna a hanya, sukan ɗaga wa juna hannu da safe.

"Sajan, sannu da zuwa. Yana ciki yana waya, tun safe bai zauna ba. Ko abinci ya ƙi ci." Ta ajiye famfon. "Wannan abu ya girgiza mu. Ni har yanzu jikina rawa yake. Kin san kullum ta nan nake bi, kuma kusan lokaci ɗaya da bawan Allahn nan. Da ni ce."

"Yau ba ki bi ba?"

"Allah ne Ya kiyaye. Tun jiya da yamma baban yara ya ce in bi ta bayan filin ƙwallo. Har muka yi 'yar gardama, na ce hanyar ta fi nisa. Da safe ina fita ya biyo ni har ƙofa ya sake maimaitawa."

"Ya faɗi dalili?"

"Ya ce dai in bi ta baya, kada in..."

Ta tsaya. Ta dubi Sajan, ta dubi ƙofar falo. Iskar da ta sa a tayar ta soma fita da ɗan siririn ƙara, ba ta ko lura ba.

"Mu shiga tare," in ji Sajan.

Falon cike yake da kwalaye da alluna. Gobe ƙungiya za ta yi jerin gwano a kan kekuna don tunawa da tela, Kyaftin yana shirya abin da za a ɗaga. Ya katse wayar ya taso da hannu biyu.

"Sajan! Gara da kika zo. Ke tamu ce, kin san ciwon. Ina fata ba za a saki mutumin nan ba. In aka sake shi, hukuma za ta ce hatsari ne kawai, a ci gaba da kashe mu."

"Kana da hujjar cewa masu yashe suna juya murafai?"

"Ina da ita." Ya janyo wani babban hoto da aka manna a kwali, ya ɗaga mata. Murfin ne, a miƙe, ɗigon rawaya ɗaya nan ɗaya can, ƙofar shagon siminti a buɗe a bayansa.

"Hoto mai kyau," in ji Sajan. "Yaushe ka ɗauka?"

"Yau. Bayan abin ya faru."

"Yau taya na cikinsa har aka zo aka zare ta da kyar, ta lanƙwasa ƙarfe ɗaya. Daga nan aka kewaye shi da duwatsu. A hotonka babu taya, babu duwatsu, ƙarafan duk lafiya. Dubi sandar wutar nan, inuwarta a gindinta take. Rana tsaka ce. Kuma kwalin nan har gam ɗinsa ya bushe."

Kyaftin ya sauke hoton a hankali. "To. Jiya ne. Na zo wucewa na tarar da shi a haka, na ɗauka don in nuna wa hukuma. Kuskurena shi ne ban gyara ba. Zan ɗauki wannan har kabarina."

"Ka tarar da shi a haka."

"Na tarar."

"Ina ƙugiyoyin ƙungiya?"

"Ƙugiyoyi? Tun bara ban san inda..."

"Suna bayan ƙofar gareji," in ji matarsa. Muryarta ta bushe. "Jiya da rana na ga ka ɗaure su a kariyar bayan kekenka. Na tambaye ka, ka ce gyara za a yi musu."

Ba ta jira an ce ta ɗauko ba. Ta fita ta dawo da su, ƙarfe biyu masu mariƙin katako, ta zube su a kan teburi bisa allunan. Sajan ta ɗaga ɗaya ta juya bakinsa wajen haske. Jikinsa duk ƙura, amma cikin lanƙwasar akwai sabon garin tsatsa, ja, yana kama yatsa.

"Bari in gaya maka abin da ya faru, Kyaftin," ta ce, "in na yi kuskure ka gyara mini, tunda kai malami ne. Kun nemi a sauya murafai, hukuma ta ce ba ta ga hujja ba. Ba ta gani ba ne saboda babu. Tsohon nan yana mayar da murafai daidai, rawaya a kan rawaya, yadda ku kuka koya masa. Yau za a zo dubawa, kana son a ga murfi a miƙe da ido. Sai ka sa rigarka mai sheƙi, don ka san ba mai kallon fuskar mutumin da ke sunkuye a kan kwata. Ka saƙalo murfin daga tsakiya, shi kuwa mai yashe ta gefe yake ɗagawa. Ba ka taɓa sharar da ke ciki ba. Ka manta wandonka a cikin safa. Ka zaɓi gaban shagon siminti saboda motar da ka yi shekara kana kai ƙararta, ita ce za ta rufe maka shi har hantsi, lokacin da baƙinka za su iso."

Ya zauna a hannun kujera.

"Motar kullum tana nan," ya ce. "Kullum, Sajan. Ko sau ɗaya mutumin nan bai taɓa bin doka ba. Ina zan san ranar da zai bi ke nan? Niyyata su gani, in mayar da shi a gabansu da hannuna. Ba wanda zai taka shi. Na tabbata ba wanda zai taka shi."

"Ka tabbata?"

"Na rantse."

"To me ya sa ka hana matarka bi?"

Kyaftin ya kau da kai.

"Sau biyu ka gaya mata," in ji Sajan, yanzu muryarta ta fara tashi, ta kasa riƙe ta. "Da yamma, da kuma safe har bakin ƙofa. Ka san motar tana iya tashi. Ka sani sarai, shi ya sa ka cire naka daga hanya ka bar na mutane. Tela ba ya zuwa taronku, ba shi da riga mai sheƙi, ba shi da hular kwano, ba shi da wanda zai biyo shi ƙofa ya ce bi ta baya. Sannan ka tsaya a kan gawarsa ka nuna tampol ka ce ga hujja. Bai ishe ka ba, ka tako har ofishinmu ka ɗora wa tsohon da ko safar hannu ba shi da ita."

"Ban ambaci sunan kowa ba. Cewa na yi masu yashe..."

"Mutum ɗaya ne ke yashe layin nan, kuma yana zaune a ƙasa ba takalmi tun safe!"

Matarsa tana tsaye jikin bango, hannayenta a harɗe, hawaye na zuba ba ta share ba. "Ni ka ceta," ta ce masa. "Ka sa na wuni ina gode wa Allah a gaban mutane. Matar telan nan a asibitinmu ta faɗi sumammiya, ni na yayyafa mata ruwa. Ni! Da hannun nan."

"Maman yara, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni."

Kyaftin ya juyo wajen Sajan, ya haɗa tafukansa. "Ki yi tunani. Ba don ni ba. In maganar nan ta fita, sun samu abin da suke nema. Za su ce masu keke mahaukata ne, su goge fentin, su mayar wa motoci wurin. Shekarun da muka yi duk sun tafi. Yara nawa ke bin hanyar nan zuwa makaranta? Ke kanki gobe ta ina za ki bi? Tsohon nan ba abin da za a yi masa mai yawa, zan samo masa lauya, ni zan biya, a ɓoye..."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, wataƙila gaskiya ya faɗa game da hanyar. Ta hango kanta a tsakanin manyan motoci kamar da, madubinsu na shafar kafaɗarta. Ta ji kamar ta ɗauki ƙugiyar ta rotsa teburin.

"Mai yiwuwa su goge," ta ce. "In sun goge, kai ka goge ta, jiya da rana tsaka. Tashi."

Rana na dab da faɗuwa suka isa ofis. Sufeto ya ga wanda ta shigo da shi, ya miƙe tsaye, ya ja ta gefe.

"Kin san ko wane ne wannan? Gobe duk garin nan zai taso mana."

Ta ajiye ƙugiyoyin da hoton a kan teburinsa. "Mai siminti zai zo ya ƙara bayani. Ga kuma mai ba da shaida."

Matar Kyaftin ce ta shigo, ta biyo su a kan kekenta. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Ina mai rubutawa?" ta ce.

Sufeto ya dubi ƙugiyoyin, ya dubi matar, ya shafa ƙeya. Ya buɗe fayil ɗin da ya rufe ɗazu, ya zare takardar da ke sama, ya yaga ta biyu.

"A fito da tsohon," ya ce.

Kyaftin yana tsaye a gaban kantar ofis yana cire agogo da bel sa'ad da aka miƙa wa Baba takalmansa na roba da dogon ƙarfensa. Tsohon ya sunkuya yana sa takalmin, kafaɗarsa ta kusa taɓa shi. Kyaftin ya ɗan ja baya, ya dubi taɓon da ke wandon.

"Da wannan za a haɗa ni ɗaki?" ya tambayi Sajan a hankali.

"A'a. Shi gida zai tafi. Ba ka gane shi ba?"

Kyaftin ya sake dubansa. "Ina zan san shi?"

"Shi ne ka ce ya kashe tela."

Baba ya gama sa takalminsa, ya miƙe da taimakon ƙarfen. Ya daɗe yana kallon mutumin, daga fuska har ƙasa.

"Ni na san shi, 'yata," ya ce. "Kullum yana wuce ni ina cikin kwata. Har gaishe shi nake yi."

Ya saɓa ƙarfensa a kafaɗa ya fita. Sajan ta bi shi da ido har ya tsallaka titi, sannan ta juyo.

"Takalmi ma," ta ce wa Kyaftin. "Cire."